Ranar Da Baba Ya Ji Muryata A Rediyo

Shekarun baya can, tun intanet ba ta shigo aljihun kowa ba, an taɓa sa muryata a rediyo. Jiya wani daga cikinku masu karanta rubutuna ya tambaye ni yadda aka yi na fara rubutu, na ba shi amsar da na saba bayarwa, cewa ai an daɗe. Daga baya sai na ga ya kamata ko sau ɗaya ne in ba da labarin yadda yake.

Lokacin na gama karatu na dawo gidanmu a Tarauni ina jiran aiki. Ban daɗe da dawowa ba mahaifina ya yanke jiki ya faɗi wata safiya yana alwala. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka sallamo shi hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, bakinsa ya karkace. Hankalinsa kuwa yana nan garau, yana jin komai, yana gane kowa. Magana ce kawai ta ƙi. In ya ɗauko kalma sai ta maƙale masa, ya yi ta fama da ita har gumi ya karyo masa a goshi. Mutumin da ya yi shekaru yana aikin gwamnati, wanda a layinmu shi ake turawa neman aure ko sasanta rigima saboda iya magana, shi ne ya koma nuni da ido.

Ni ne auta. Yayyena mata suna gidajen mazajensu, yayana namiji yana Legas da iyalinsa. Jinya ta faɗo kaina ni da mahaifiyata. Ni nake ɗaga shi, in yi masa wanka, in sa masa kaya, in kai shi gashin ƙafa ranakun da aka ba mu. In ya karya kumallo in zauna in karanta masa jarida, don tun yana da lafiya ba ya fashin jarida. A hankali muka ƙware da alamominsa. In ya dubi buta mun san me yake so, in ya motsa kafaɗa mun san matashi ne ya zame. Kafin ya buɗe baki mun kawo. Mu a ganinmu mun hutar da shi wahalar magana, kuma har alfahari muke yi da hakan.

Da farko gidan cike yake da 'yan dubiya. Su zo su zauna a gabansa, su juyo su tambaye ni, ya jikin nasa? Ya kwana? Yana cin abinci? Shi kuma yana kallonsu. Bayan 'yan watanni ƙafa ta ɗauke, sai jefi-jefi. Majalisarmu ta bakin titi ita ma ta watse. Wasu sun tafi bautar ƙasa, wasu sun yi aure, abokina na kusa ya sami aiki a Abuja. Waya kuma a lokacin ba ta hira ba ce, ta isar da saƙo ce, ka faɗi abin da ya kawo ka ka kashe. Mahaifiyata in ta gama hidimar yini ba ta da sauran ƙarfin hira, tana zama take gyangyaɗi da carbi a hannu. Sai in wuni in kwana ban yi wata maganar da ta wuce "an ba shi magani?" da "ruwan zafin ya yi" ba.

Wata safiya ina karanta wa Baba jarida, can wajen shafukan ƙarshe, na ci karo da wani sharhi kan wani sabon abu da ya shigo a ƙasashen Turawa, wai shi bulog. Marubucin ya ce abin ya samo asali ne daga wasu 'yan tsirarun mutane a Amurka da suka riƙa rubuta abin da suka yi da abin da suka gani a kullum, suna sawa a intanet, a buɗe, duk wanda ya ga dama ya karanta. Sunan ma gutsure shi aka yi daga wata doguwar kalmar Turanci. Daga nan sai ya shiga yi musu shaguɓe. Ya ce babu edita, babu mai karatu, aikin mutanen da suka rasa abokin hira ne kawai. Baba ya kaɗa hannu alamar in wuce, ba wannan yake son ji ba. Na wuce zuwa labarin siyasa. Amma da ya yi barci na koma na sake karanta sharhin ni kaɗai. Abin da marubucin ya ɗauka zagi ne, ni gayyata na ji shi.

Bayan azahar Baba yakan yi barci har zuwa la'asar. Wannan ɗan tsakanin shi ne nawa. Sai in hau acaɓa in nufi Gyadi-Gyadi, inda akwai wani kafe, wato shagon shiga intanet, a saman bene, bisa wani kantin magani, kusa da titin Zariya. Ɗaki ne dogo mai zafi, kwamfutoci jere a jikin bango, fanka tana juya iska mai ɗumi, janareta yana ruri a ƙasa. Yawancin masu zuwa sakamakon ƙwallo suke dubawa ko na jarrabawa. Mai kafen, wani mutum mai fara'a da son tsokana, shi ya taimaka mini na buɗe shafin, ko da yake shi ma a ranar ya fara jin sunan abin. Kafin shafi ɗaya ya gama buɗewa sai ka ci gyaɗarka ka karkaɗe hannu. Madannan kwamfutar kuma ba su san da haruffanmu masu lanƙwasa ba, ƙasa da kasa duk ɗaya suke fitowa. Haka na fara, da Hausa, don da ita nake jin kewar hira.

Ban taɓa rubuta komai kan ciwon Baba ba. Abin da da a majalisa zan faɗa shi nake rubutawa. Mai awarar bakin layinmu da ke yi wa kowa faɗa amma ba ta taɓa rasa masu saye ba. A daidaita sahu da suka shigo gari sababbi fil, mutane suna tsayawa kallonsu. Yadda in aka yi ruwa layinmu ke komawa kogi, dattawa su tattare riguna suna tsallen duwatsu zuwa masallaci. Cinikin kasuwar Tarauni, inda mai tumatir zai rantse maka ya faɗi alhali yana murmushi. In na gama in danna, in ga rubutuna ya hau, sai in ji kamar na sauke tulu daga kaina.

Mai karatu kuwa babu. Akwai wata 'yar alama a gefen shafin da ke nuna in wani ya leƙo. Wata rana na ga ta motsa, na yini ina murna, har na sayo wa mahaifiyata lemo a hanya. Sai daga baya na tuna ni ne na buɗe shafin a wata kwamfutar kwana ɗaya kafin nan, da tawa ta ƙi aiki. Wani lokacin kuma na tarar an yi mini sharhi da Turanci a ƙarƙashin labarin mai awara. Na ce yau Bature ya karanta ni. Na kira mai kafe ya zo ya gani. Ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tallar maganin ƙiba ce, kuma ba ma mutum ne ya rubuta ba, na'ura ce ke watsawa ko'ina.

Wata rana ina shirin fita mahaifiyata ta tambaye ni wai me nake yi a kafen nan kullum, ko neman aiki ne. Na ce mata rubutu nake yi. Ta ce wa nake rubuta wa. Na ce duk wanda ya gani, a duk faɗin duniya.

"To wa ya gani?"

Na ce tukuna dai.

Ta ɗan dube ni, irin duban da uwa ke yi wa ɗan da take tsoron zaman gida ya fara taɓa shi. Sai cewa ta yi in biya in taho da kayan miya, kuma kada la'asar ta yi mini a waje.

Na fi shekara a haka. Sannan sai bulog ya fara shiga labarai a nan gida. Jaridu suka fara rubutu a kansa, wasu su ce ci gaba ne, wasu su ce fitina ce ta tunkaro. Wata rana na shiga kafe mai kafen ya tare ni tun daga matakala. Ya ce wata 'yar jarida daga ɗaya daga cikin gidajen rediyon gari ta zo tana neman wanda ya san harkar, za su yi shiri a kai. Ya gaya mata akwai wani da ke yi, kuma da Hausa. Ta ce za ta dawo gobe.

Kada ku tambaye ni irin shirin da na yi. Babu wuta, da dutsen guga na gawayi na goge shaddar sallata. Na kafa hula, na fesa turare, duk don rediyo, inda ba mai ganin ko inuwata. Na sake bin tarihin bulog na haddace kamar mai shiga jarrabawa.

Ta zo da 'yar rikodarta, matashiya ce mai natsuwa, ba za ta girme ni ba. Muka zauna a kan benci kusa da taga. Tana tambaya ina zubo bayani. Na faɗi yadda abin ya faro a Amurka, da yadda aka samo sunan, da yadda ya bazu. Na ce mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan harka, tun asali muna da dandali muna da majalisa, wannan majalisa ce kawai da ba ta da tabarma. Na ji daɗin wannan maganar tawa ƙwarai, har na saci kallonta in ga ko ta burge ta. Na karanto adireshin shafina harafi bayan harafi, na kuma maimaita don masu neman biro. Tana ta gyaɗa kai.

Muna dab da gamawa janareta ya mutu. Ɗakin ya yi tsit, mutane suka fara tashi suna tsaki. Ita kuma ta sassauta murya, rikodar tana hannunta, ta ce, "Amma kai, me ya sa kake yi, tunda ka ce ba a karantawa?"

Na daɗe rabon da wani ya tambaye ni wani abu game da ni kaina. Kullum tambayar jikin Baba ce. Ban shirya wa wannan ba, ba ta cikin abin da na haddace. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Gaskiya, saboda a gida ba ni da wanda zan yi magana da shi."

Na ci gaba na yi mata bayani. Na gaya mata ciwon mahaifina, da cewa da can shi ne abokin hirata, da irin gajiyar da mahaifiyata ke yi. Ta tausaya, ta yi masa addu'ar samun sauƙi, ta ce shirin zai fita ranar Asabar bayan la'asar.

Na dawo gida kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Na gaya wa mahaifiyata, ita kuma kafin magariba ta gaya wa maƙwabta, Auta zai yi magana a rediyo. Ina jin ta sami abin da za ta nuna cewa fitar da nake yi ba yawon banza ba ne. Na kira abokina na Abuja, ya ce tashar ba ta kai musu, amma yana taya ni murna, ya kashe. Da na gaya wa Baba, ɓarin fuskarsa mai lafiya ya yi murmushi, ya kama hannuna ya matse.

Ranar Asabar tun bayan azahar ya ƙi barci. Ya yi ta nuna durowar kayansa har mahaifiyata ta gane babbar rigarsa yake so da hula, waɗanda rabonsa da su tun kafin ya kwanta. Muka sa masa. Na ɗauko shi na zaunar a kujera a tsakar gida, ƙarƙashin inuwa. Na sa wa tsohuwar rediyonsa sabon batir. Matan maƙwabta suka shigo aka shimfiɗa musu tabarma, mahaifiyata ta dama kunun aya ta zuba a kofuna.

Aka fara shiri. Mai gabatarwa namiji ne, baƙonsa kuma wani malamin jami'a. Malamin ya kawo tarihin bulog tiryan-tiryan, duk abin da na haddace, kuma ya fi ni iya faɗa. Na ce a raina ba komai, nawa yana tafe. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko abin zai amfane mu. Malamin ya ce yana da fargaba, don yanzu kowa zai wayi gari ɗan jarida, babu mai tace masa magana, babu mai tsawatar masa. Suka daɗe a kan wannan. Matan suka fara gyara zama. Baba bai motsa ba, kunnensa na jikin rediyo.

Can sai mai gabatarwa ya ce wakiliyarsu ta zaga wasu kafe-kafe a cikin gari ta ji ta bakin matasa. Wani ya ce shi ƙwallo ke kawo shi. Wani ya ce bai taɓa jin sunan abin ba. Sannan aka ce ta ci karo da wani matashi a Gyadi-Gyadi da ke irin wannan rubutu, ta tambaye shi dalili. Mahaifiyata ta ɗaga hannu a yi shiru, ko da yake ba mai magana.

Sai ga muryata, siririya, kamar ba tawa ba.

"Gaskiya, saboda a gida ba ni da wanda zan yi magana da shi."

Shi ke nan. Babu Amurka, babu majalisar da ba ta da tabarma, babu adireshi, babu bayanin da na yi a baya. Mai gabatarwa ya yi 'yar dariya. Malamin ya ce to kun ji, abin da yake faɗa ke nan, tun asalinsa abin na masu fama da kaɗaici ne, Allah ya ba wannan yaro abokin hira. Aka sako tallar sabulu.

Wata daga cikin matan ta ce ai kuwa muryar Auta ce sak, sannan ita ma ta ji abin da aka faɗa ya sauka mata, ta sunkuyar da kai. Ɗaya ta ce ta bar tukunya a wuta. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Baba Allah ƙara sauƙi, ba wadda ta dube ni. Shi kuwa rediyon yake kallo. Ya ɗaga hannun hagu a hankali ya cire hular ya ɗora a cinya. Ya yi alamar a mayar da shi ɗaki. Na sunkuya na ɗauke shi kamar yadda na saba, amma ranar bai riƙe wuyana ba.

Na sami mahaifiyata a kicin tana ɗauraye kofuna. Ba ta juyo ba ta ce, "Da ka faɗa mana a nan, Auta. Ba sai ka je ka faɗa wa Kano ba."

Na fara yi mata bayanin cewa yanke maganar aka yi, na faɗi abubuwa da yawa, wannan ɗin ma akwai ci gabanta. Ta ce ta sani, ta san halin 'yan rediyo. Ta ce amma bakina ne ya faɗa ko ba bakina ba ne? Na ce bakina ne. Ta ce to in je in yi alwala, an kusa kiran magariba.

Washegari na kira 'yar jaridar. Da fara'arta ta ɗauka. Ta ce lokaci ne ya yi musu kaɗan, kuma ba ita ke da ta cewa kan abin da za a bari ba. Adireshi kuma ba sa karantawa, don zai zama talla. Ta ce amma in sani wannan jimlar tawa ita ce ta fi taɓa kowa a ofishinsu, har wata abokiyar aikinta ta yi ƙwalla. Na saurari muryarta da kyau, babu mugunta a ciki ko kaɗan, ita a ganinta alheri ta yi mini. Na yi mata godiya na kashe.

Na koma kafe ranar Litinin da ɗan guntun fata, ko wani ya ji ya nemo shafin. Ba wanda ya leƙo. Mai kafe na ganina ya ce ga mai neman abokin hira ya iso, a ba shi kujera. Ba da nufin cin fuska ya faɗa ba, amma duk ɗakin aka juyo. A layinmu kuma gaisuwa ta canja, aka koma gaishe ni da tausasawa, kamar ni ne majinyacin. Wani dattijo a masallaci ya riƙe hannuna bayan sallah ya ce in riƙa zuwa ina zama da su. Na daina zuwa Gyadi-Gyadi. Bayan azahar sai in kwanta a ɗakina ina kallon silin har a kira la'asar. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, don da ko ba komai ina da inda nake kai shi.

Baba ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da ni. Ina yi masa wanka yana kallon bango, ina karanta jarida yana kallon taga. Na ɗauka fushi yake yi, kuma ban ga laifinsa ba. Na rasa ta inda zan fara ba shi haƙuri, don duk abin da zan ce sai ya koma kan ciwonsa.

Wata safiya na buɗe jarida zan fara, sai ya ɗora hannun hagu a kanta ya danne ta ƙasa. Na ɗauka ruwa yake so, na miƙo. Ya girgiza kai. Na gyara matashi, ya girgiza kai. Mahaifiyata ta leƙo ta fara lissafo masa abubuwa, ko fitsari, ko fanka, ko shayin ne bai yi ba. Ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya ja numfashi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, leɓensa yana rawa.

"Zau... na."

Na zauna. Ya sake tattaro ƙarfi, ya daɗe yana kokawa da ita kafin ta fito.

"Hi... ra."

Ya fara. Abin da mai lafiya zai faɗa kafin shayi ya huce, shi ya ɗauke mu har hantsi. In ya maƙale na yi saurin ƙarasa masa kalmar yadda muka saba, sai ya buge mini gwiwa. Na sake, ya sake bugewa. Na gane ba taimako yake so ba, jira yake so. Yawu yana zubo masa ina gogewa, wannan kam ya bar ni. Mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci, ta ce Malam kada ka wahalar da kanka, bai ko dube ta ba. Ta saki labule ta fita.

Abin da na iya tsinta a ranar shi ne, lokacin da ya fara zuwa Kano daga ƙauye yana saurayi, ya sami aikin akawu, a Gyadi-Gyadi ya kama ɗaki, lokacin bayan unguwar duk gonaki ne. Bai san kowa ba. In ya taso daga aiki sai ya je bakin titi ya zauna yana kallon manyan motocin da ke tafiya Zariya har magariba, sannan ya koma ɗaki. Ni da na tashi na gan shi kullum cikin mutane, ban taɓa sanin ya yi irin wannan zaman ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Hirar nan wahala ce gare mu duka. Akwai ranakun da ban gane ko kalma ɗaya ba, in riƙa gyaɗa kai, shi kuma ya san ban gane ba, ya fusata ya kau da kai, wani lokacin har hawaye. Akwai safiyar da nakan ji da ma a koma jarida, ta fi sauƙi. Amma bai fasa ba. Kullum in ya karya kumallo sai ya ture jaridar. Maganarsa ba ta wani gyaru ba, kunnena ne ya koyi jin ta. In ya gaji sai ya nuna ni da yatsa, wato saura ni. Ni kuma in ba shi labarin layi da na kasuwa, duk abubuwan da da nake hawa acaɓa in kai wa kwamfuta. Yakan yi dariya da rabin baki har tari ya sarƙe shi. Daga baya mahaifiyata ma ta riƙa kawo tsintar shinkafarta ta zauna daga bakin ƙofa, tana gyara masa in ya rikita shekarar da aka haifi wani.

Muka yi watanni a haka, har damina ta zagayo. A 'yan kwanakin ƙarshe ya koma kan labarin zamansa na bakin titi. Ya ce wata rana yana zaune wani mutum ya tsaya ya yi masa sallama, ya ce kullum yana ganinsa a nan shi kaɗai. Mutumin ya ja shi gidansa suka ci tuwo, daga nan ya zama abokinsa na farko a Kano. Duk wannan na gane. Sunan mutumin ne ya gagara. Ya faɗa, ban kama ba. Ya sake faɗa. Na fara kawo sunaye ina gwadawa, kowanne ya girgiza kai. Na ba shi biro a hannun hagu, abin da ya zana bai karantu ba. Na kira mahaifiyata, ta saurara ta ce ita ba ta san shi ba, wannan tun kafin aurensu ne. Yadda ya nace, ina jin so yake in nemo mutumin, ko 'ya'yansa, ko dai kawai a sami wani a duniya da ya san sunan bayan shi. Kullum sai mu gaji mu ce sai gobe. Ana cikin haka ciwon ya sake bugunsa. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki na bi tsofaffin abokan aikinsa ɗaya-ɗaya ina tambaya, ba wanda ya sani.

Na koma rubutu bayan rasuwarsa. A hankali aka fara samun masu karantawa, sannan wayoyi suka zo kowa ya zama marubuci, har ga ku nan kuna bibiyata. Yanzu wani lokacin gidajen rediyo sukan kira ni, wai ina cikin na farko-farko, in zo in ba da tarihin yadda abin ya faro. Nakan je, in faɗi Amurka da sauran abin da na haddace tun wancan lokacin, su yi godiya. Ba na riƙe da 'yar jaridar nan a raina. Duk dogon bayanin da na yi mata kowa zai iya yinsa, abu ɗaya ne a ciki nawa, kuma shi aka bari.

Abin da nakan tuna shi ne, mu uku ne a gidan nan, kowa yana fama da nasa shirun, kowa yana ganin yana sauƙaƙa wa ɗan'uwansa. Ni ina da ƙafar da zan hau acaɓa in je in yi wa duniya magana ko ba ta ji. Shi yana kwance yana jin komai, ana tambayar lafiyarsa a kansa, ana kawo masa abu kafin ya roƙa, kuma cikinsa cike da labari. Ban san haka ba sai da rediyo ta faɗa masa abin da ban iya faɗa masa ba.

Mahaifiyata ma ta rasu yanzu, an sayar da gidan Tarauni. Ina da iyali, ina da masu karatu, in na yi rubutu kafin in ajiye waya an fara amsawa. Duk da haka in na bi ta Gyadi-Gyadi da yamma na ga dattawa zaune a ƙofar shaguna, nakan rage gudu ina dubansu, ko da yake na san mutumin da wuya in yana raye. Har yau ina iya maimaita sautin nan daidai yadda ya fito daga bakin Baba, da inda ya ja da inda ya maƙale. Nakan faɗe shi ni kaɗai a mota. Sunan ne dai ban sani ba.